Ilimin da Ƙasa ta Mallaka da Arzikin da ke Ɗorewa: Daga 'Yandoto zuwa Bagega

Jawabin da aka gabatar a zaman ilimi na taron shekara-shekara, Gusau

 

 

Kwamitin shirya wannan taro ne ya umurce ni da in yi magana a kan ilimi da raya ƙasa, wato alaƙar da ke tsakanin ilimin da ƙasa ta mallaka, da ikon mutanenta na ƙago sabuwar dabara, da arzikin da zai ɗore har jikoki su ci. Na roƙa a ba wani daga cikin 'yan'uwanmu malaman jami'a, aka ce a'a, an fi so a ji daga bakin almajirin zaure. To, almajiri ba ya musu da umurnin na gaba. Inda na dace, daga Allah ne. Inda na kuskure kuwa, ina roƙon manya su gyara mini.

Maganar ci gaba mai ɗorewa ta shiga bakin hukumomi ne tun daga 1987, lokacin da wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto yana jan hankali cewa kada mutanen wani zamani su ci abin duniya cin da zai bar na bayansu da yunwa. A 2015 ƙasashen duniya, har da Nijeriya, suka amince da muradai 17 da ake so a cim ma kafin 2030, na 9 daga cikinsu ya shafi masana'antu da ƙirƙira. Da aka karanta mini wannan bayani sai na ga ai babin wakafi ne da muka yi a zaure: ana tsare asalin dukiya, ana cin amfaninta. Gonar da muka gada asali ce, haka kogin Sakkwato da ya ratsa garin nan, haka daji da ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙafafunmu, haka lafiyar yaran da ke wasa a ƙofar gida. Wanda ya ci amfani ya bar asali ya raya ƙasa. Wanda ya haɗa da asalin ya cinye, ko da ya yi gini ya sayi mota, ya ci gadon marayun da ba a haifa ba tukuna.

Sai dai wakafi ba ya tsare kansa, dole sai da mai kula. Malamai kuwa sun sharɗanta mai kulan ya zama amintacce, ya kuma zama ya san kan abin da aka danƙa masa, domin amintaccen da bai san gona ba zai kashe ta da kyakkyawar niyya. Mai kula da wakafin ƙasa shi ne ilimin da ke ƙirazan 'ya'yanta. A nan ne tambaya ta taso: yaya ake gane ilimin da ƙasa ta mallaka daga wanda ta aro? Mu almajirai muna da ma'auni. Idan mutum ya ce ya san Risala ko Muhtasar, ba ma tambayarsa ko yana da littafin a ɗaki. Muna tambayarsa a wurin wa ya karanta, shi kuma malamin nasa a wurin wa, sa'an nan mu tambaye shi wa ya karantar. Wannan shi ne sanadi. Ilimin da ke da malami a sama da almajiri a ƙasa, da wurin zama, da abin da ɗalibi zai ci har ya sauke, shi ne rayayye. Abin da nake so in tabbatar a wannan zama shi ne, ilimin ƙarfe da na ƙasar noma da na magani su ma wannan hukunci ne a kansu. Ƙasar da ta sayi inji ba ta da sanadinsa, aro ta yi, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Mu fara da gida. Kusa da Tsafe akwai 'Yandoto, wadda har yau sarautar Tsafe ke ɗauke da sunanta. Tun ɗaruruwan shekaru kafin jihadi garin ya shahara da malamai da fatake a ƙasar Katsina ta Laka, ɗalibai na zuwa daga nesa su zauna shekaru. Ruwayar Katsinawa ma ta ce daga can Muhammadu Korau ya fito. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu wanda ya kafa garin nan na Gusau, ya zauna a 'Yandoto kafin saɓani ya raba shi da ita. Wajen 1806 aka ci garin da yaƙi. Ba mu shiga tsakanin magabata, Allah Ya yarda da na gari daga cikinsu, Ya gafarta wa kowa. Abin da ya shafe mu shi ne hoton da masana tarihi suka ruwaito na wannan rana: takardun littattafai a warwatse iska na yawo da su, Muhammadu Bello da kansa yana bi yana tsinta. Malamai suka watse, majalisu suka mutu. Yau mafi yawan abin da muka sani game da 'Yandoto daga alƙalamin wasu muka same shi. Garin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana tara ilimi, tsinkewar silsila ta lokaci ɗaya ta ishe shi.

Shi Muhammadu Bello, bayan ya ga wannan da idonsa, ya nuna ya san darajar sana'a a cikin mulki. A littafin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaje, ya sanya kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba, har ya nemi a rarraba su gari-gari domin kada a sami ƙauyen da ba maƙeri ko mai magani. Shi kansa ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna. Kafinsa da kusan shekara ɗari bakwai, Imamul Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya bayyana a farkon Ihya'u cewa likitanci da lissafi da tushen sana'o'i irin noma da saƙa faralu kifaya ne: idan wasu suka tsaya da su an ɗauke wa saura, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi. Ya kuma yi kukan cewa mutanen zamaninsa sun yi cunkoso a kan mas'alolin saɓani na fiƙihu alhali garuruwansu ba likita. Ina jin da ya zo Zamfara a zamaninmu da bai sauya kukan ba, sai dai ya ƙara da cewa ba mai awon ƙasa da ruwa.

Ku dubi auduga. Kakanninmu suna da silsila cikakkiya tun daga angurya har zuwa riga: manomi ya noma, mata su gurza su kaɗa da mazari, masaƙi ya saƙa, marini ya rina da baba, mabugi ya buga, maɗinki ya ɗinka ya yi aiki a wuya. Kowane ɗaya yana da yaro a gefensa yana koyo, kuma kowane kayan aiki a garin ake yin sa, a garin ake gyara shi. Da jirgin ƙasa ya iso Gusau a 1927, ya wuce Ƙauran Namoda a 1929, sai auduga da gyaɗa suka koma kayan lodi zuwa teku. Aka kafa injin gurza, garin ya cika ya batse. A shekarun 1960 aka kafa masaƙar zamani a nan Gusau. Ni da sa'o'ina mun taso mun ga ma'aikatanta a kan kekuna, ayari guda, lokacin canjin aiki, mun kuma ga yadda kasuwa ke motsi idan wata ya ƙare. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yana karantarwa da asuba ya tafi gonar audugarsa da hantsi, da kuɗinta ake ɗinka mana kayan Salla, a kuma sayi takarda.

Masaƙar ta koya wa dubban mutane sarrafa inji, cikinsu har da gwanaye waɗanda da jin ƙarar inji kawai suke gane inda ciwonsa yake. Amma injin daga waje ya zo, kayan gyaransa daga waje, sinadarin rini daga waje. Da darajar Naira ta faɗi bayan 1986, kowane ƙaramin ƙarfe ya zama sai an yi kuka kafin a saya. Wutar lantarki ta yi ƙaranci, baƙin mai ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. A farkon shekarun 2000 masaƙar ta tsaya, kamar yadda manyan masaƙun Kaduna suka tsaya a 2002 da 2007. Da muka waiwaya neman masaƙanmu na gargajiya sai muka tarar sun tsufa ba magada, marina ta cike da shara. Muka tashi ba tsuntsu ba tarko. Na san dattawa daga cikin gwanayen nan da suka koma ga Allah da iliminsu a ƙirji, ba wanda ya zauna gabansu ya ɗauka, domin ba wanda ya ɗauki abin da suka sani a matsayin ilimi.

Amma akwai sashe ɗaya na wannan silsila da bai tsinke ba, shi ne na iri. Tashar binciken aikin gona ta Samaru an kafa ta a 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Turawan da suka fara ta sun tafi, waɗanda suka koya a hannunsu suka koyar da wasu, har yau. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta halaka gyaɗar Arewa, dalar gyaɗa ba ta sake tsayawa kamar da ba. Masu binciken Samaru tare da abokan aikinsu na waje suka yi shekaru suna barbarar iri har suka fitar da masu jure cutar, irin SAMNUT 24 da aka saki a 2011. A 2019 kuma aka saki waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Ina ambaton wannan ne domin a ga bambanci. Annoba ta zo wa gyaɗa kamar yadda ta zo wa masaƙa, amma gyaɗa tana da malaman da za su zauna su nemo mata mafita a cikin ƙasa.

Irin wannan darasi yana nan a sha'anin ruwa. An gama madatsar Bakalori kusa da Talatar Mafara a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta, da niyyar shayar da hekta 23,000, mafi yawa ta hanyar feshi da bututu da manyan famfuna masu cin lantarki. Tun kafin a ci amfani aka sha baƙin ciki, domin a watan Afrilun 1980 an rasa rayukan manoma masu neman diyyar gonakinsu. Mutanen fadamun da ke gangaren kogi kuma suka rasa ambaliyar da ke kawo musu shinkafa da kifi, abin da da an zauna da tsofaffin manoma da masunta da sun faɗa tun kafin a zuba siminti. Daga baya tsarin feshin ya tsaya cik, sai da aka sake karɓo bashin Bankin Duniya a 2014 domin gyaran ban-ruwan. A ɗaya gefen kuma, shirin raya aikin gona na Gusau da aka fara a 1975, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar nan tare da na Funtuwa da Gombe, da shirye-shiryen fadama da suka biyo baya, sun yaɗa ƙaramin injin ban-ruwa da rijiyar tuƙa-tuƙa. Wannan ƙaramin inji ya zauna da gindinsa, domin bakanike na bakin kasuwa ya kwance shi ya ga cikinsa, ya koya wa yaronsa, maƙeri ya ƙera masa abin da ya karye. Yau kowane gari mai fadama yana da mai gyaransa. Wato ƙaramin ya sami sanadi a cikinmu, babban bai samu ba.

Yanzu zan zo inda maganar ta fi nauyi, ina roƙon 'yan'uwa su ba ni hankalinsu.

Bayan 2008 farashin zinari ya hau a kasuwar duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka duƙufa a kan haƙa. Ba wanda zai zarge su, talaka ne ya ga halal a bayan gidansa. Suka kuma nuna basira, domin ba wanda ya koya musu mayar da injin niƙan hatsi ya zama na niƙan dutse, su suka ƙago. Ana fasa dutse da guduma, a niƙa shi ya zama gari, a wanke, a kama zinarin da zaiba, a ƙona. Saboda tsoron ɓarayi da neman hannun taimako sai aka riƙa kawo dutsen cikin gida, mata na dakawa a turmi, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Abin da ba wanda ya sani shi ne, jijiyar dutsen da aka faɗa a wannan karo cike take da dalma.

A farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa, ba a kula ba. Sai yara suka fara amai da jijjiga da suma, suna mutuwa cikin kwanaki kaɗan. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau ne, wasu suka ce iska ce. Aka yi magani, aka yi rubutu, aka yi sadaka, ƙananan kaburbura na ƙaruwa. A watan Maris ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari Na-kowa, wato MSF, waɗanda ke yawon sa ido a kan sanƙarau, suka lura cewa maganin da ake bayarwa ba ya aiki. Sai da aka ɗebi jinin yara aka kai Turai kafin a tabbatar cewa gubar dalma ce. Da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta zo ta yi ƙidaya a ƙauyuka biyu, ta tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin wata goma sha biyu, wato ɗaya cikin kowane huɗu. A wasu wuraren niƙa an auna an tarar fiye da kashi 10 cikin ɗari na ƙasar wurin dalma ce. Jimillar yaran da aka rasa a Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Bagega da maƙwabtansu ta kai 400, dubbai kuma suka rayu da gubar a jininsu, ita kuwa dalma idan ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro ba ta mayar da abin da ta ɗauka. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ya ku 'yan'uwa, mun yi imani da ƙaddara, ajali kuma ba ya jinkiri. Amma an umurce mu da riƙon sababi, kuma za a tambaye mu a kansa. Na'urar da ta gano dalmar nan a ƙasa aba ce da ake riƙewa a hannu ɗaya, a ɗora bakinta a kan turɓaya ta faɗi abin da ke ciki kafin mutum ya gama alwala. Baƙi ne suka zo da ita. Jiha guda mai arzikin ma'adinai, mai dubban malamai da dubban masu takardar boko, ba a sami wanda aikinsa ne ya ɗauki dutsen nan ya auna kafin ya shiga turmin mata ba. Wannan shi ne faralu kifayar da kowa ya bari.

Akwai wani abu da ya daɗe yana damuna a matsayina na mai karantar da Ahalari da Ishmawi. Muna koya wa yaro cewa ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita ba, muna koya masa taimama da ƙasa mai tsarki. Wannan daidai ne, ba gyara a ciki. Amma ƙasar tsakar gidan Dareta mai tsarki ce a hukuncin taimama, alhali ita ce ke kashe mai rarrafe. Dalma ba ta da warin da hanci zai ji, ido kuma ba ya rarrabe ta da sauran ƙura. Fiƙihu ya hukunta cewa cutar da rai haramun ne, amma sanin cewa wannan ƙurar cuta ce sai mai awo. Mufti yana bukatar mai awo kamar yadda alƙali ke bukatar shaida. Ko tozalin da ake sayarwa a kasuwa ana sa wa jarirai, an auna da yawa daga cikinsa an tarar dutsen dalma ne, ba isimidin da littattafai suka ambata ba. Wannan ma mas'ala ce da malami shi kaɗai ba zai iya warware ta ba.

Maganin da aka yi ya ƙara nuna inda muke. Akwai ƙwayar da ke jawo dalma daga jini, amma ba ta da amfani idan yaro zai koma gidan da gubar take, don haka sai an kankare saman ƙasar kowane gida an zuba sabuwa kafin a fara ba shi. Bagega, wadda ta fi kowane ƙauye yawan jama'a a cikinsu, ta jira har 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin. A 2015 irin wannan masifa ta faɗa wa ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu, kamar ba a taɓa jin labarin Zamfara ba. A 2019 aka hana haƙar ma'adinai a jihar nan saboda tsaro, a 2022 MSF ta miƙa aikinta ga hukumomin jiha ta janye, a watan Disambar 2024 aka ɗage hanin. A 2025 kuma sai rahoton gubar dalma ya sake fitowa, wannan karon daga ƙaramar hukumar Bungudu, nan bakin ƙofarmu. Shekara goma sha biyar tsakani. Baƙon da ya zo taimako ya yi nasa, Allah Ya saka masa, amma baƙo raɓa ne. Tambayar ita ce, wa ya karɓi ijaza daga hannunsa, shi kuma wa ya karantar?

Ƙasashen da suka fita daga irin wannan hali da gangan suka gina silsilarsu. Koriya ta Kudu, wadda yaƙi ya bari a talauce, ta kafa cibiyar binciken kimiyya da fasaha a 1966, ta kira 'ya'yanta da ke waje ta ba su wurin zama da albashin da zai riƙe su. Yanzu tana kashe fiye da kashi 4 cikin ɗari na abin da take samarwa a shekara a kan bincike. Ƙasashen Afirka sun yi wa kansu alkawarin kashi 1. Ƙididdigar da aka yi wa Nijeriya ba ta kai rabin wannan ɗayan ba. Amma kada a ɗauka ƙirƙira sai da biliyoyi. Maƙwabtanmu na Maraɗi, tun daga 1983, suka koyi barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon sarewa, abin da suke kira sassabin zamani. Wani baƙo ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankali a kai, manoma suka karɓa suka gyara shi daidai da gonakinsu, maƙwabci na koya wa maƙwabci, har ya rufe kimanin hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram. Baƙon ya koma gida, gawo da kalgo suna nan, domin ilimin ya zama nasu.

Mu ma ba mu rasa wurin zama ba. Akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau tun 2013, akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda, da ta koyon aikin lafiya a Tsafe, da ta horon malamai mata a nan cikin gari. Sai dai iskar da ta watsa takardun 'Yandoto ta sake tasowa da wata kama. A watan Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe. A watan Satumbar 2023 aka shiga masaukin ɗaliban jami'a a Sabon Gida aka tafi da wasu. Duk uban da ya cire 'yarsa daga makaranta saboda tsoro, da duk malamin da ya nemi canjin wurin aiki ya bar jihar, zobe ne ya fita daga sarƙa. Wannan hakki ne a wuyan masu mulki, muna faɗa musu da ladabi, kuma za mu ci gaba da faɗa.

Namu hakkin kuwa ba ya jiran kasafin kuɗi. Ba wata ƙungiya a ƙasar nan da ta fi zawiyoyi sanin yadda ake riƙe silsila: ɗaruruwan shekaru muna miƙa karatu da tarbiyya hannu da hannu, ba albashi ba ofis, muna ciyar da ɗalibi da tuwon maƙwabta har ya zama malami. Abin da nake roƙo shi ne mu buɗe wa wannan ƙwarewa ƙofa ta biyu. Kowace zawiya tana da yaron da ya haddace Alƙur'ani, kansa kuma yana ja a lissafi. A zaɓe shi, ko a zaɓe ta, domin asibitocinmu sun fi bukatar mata, a ɗauki nauyin karatunsa na awon jini ko awon ƙasa ko haɗa magunguna ko aikin injiniya, daga irin abin da muke tarawa domin hidimar taro, da sharaɗin zai dawo ya zauna cikinmu, ya kuma koyar da wani. A rubuta sunansa a littafin zawiya kamar yadda ake rubuta na mai sauka, a yi masa walima ranar da ya gama, domin yara su ga cewa manya sun ɗauki abin ibada. Haka nan dattawan masu sana'a da suka rage a cikinmu, tsofaffin ma'aikatan masaƙa da maƙera da masu sanin itatuwan magani, a tura matasa su zauna gabansu da littafi da alƙalami, ko da ajami ne, tun ƙasa ba ta rufe su ba.

Akwai kuma wanda ba ya jiran ko gobe. Muƙaddaman da suka zo daga ƙauyukan da ake haƙa, idan kun koma ku faɗa bayan salla, ku sa a faɗa wa mata a cikin gida: kada dutsen haƙa ya shiga gari, balle tsakar gida, kada a daka shi a turmin abinci ko a niƙa shi a injin hatsi, a jiƙa shi da ruwa lokacin niƙa domin ƙura ta kwanta, mai aikin ya yi wanka ya sauya tufa a can wurin aiki kafin ya ɗauki ɗansa. Yaron da ya fara jijjiga a irin waɗannan garuruwa, a yi masa addu'a a kan hanyar asibiti, a kuma gaya wa likita cewa ana aikin dutse a gidan, a nemi a auna jininsa.

Allah Ya jiƙan yaran da muka rasa, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya ba waɗanda suka rayu lafiya. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.